Daga Daura Zuwa Tarkwa Bay: Darasin Da Ruwan Teku Ya Koya Wa Wayarmu

Duk wanda ya tashi a Daura, babban ruwan da ya sani shi ne madatsar Sabke, sai rijiyar Kusugu da muke kai baƙi su gani. Shi ya sa da aurenmu ya cika shekara 2, na tambayi uwargida me take so, ba ta nemi atamfa ko sabuwar waya ba. Cewa ta yi: "Maigida, teku nake so in gani da idona." Ana tsakiyar hunturu muka shiga mota zuwa Kano, muka hau jirgi zuwa Legas, washegari jirgin ruwa mai inji ya tsallaka da mu Tarkwa Bay, bakin tekun da ba a isa gare shi sai ta ruwa. Mun dawo da farin ciki, amma wayarta ta dawo a mace. Ga yadda aka yi, don kada ya faru da ku.

Shirin da na yi kafin tafiya

Na sauke taswirar Legas a Google Maps don ta yi aiki ko babu data. Na duba fawa bank ɗina: 20,000mAh ne, wato kusan watt-awa 74, ƙasa da 100 da jiragen sama suka saba yarda da shi. Ku tuna, a jakar hannu ake riƙe shi, ba a sa shi cikin kayan awo. Manhajar alƙibla ma ta yi rana, domin a Daura alƙibla tana kusan digiri 70 daga arewa, a Legas kuwa kusan 63 ce.

Abu mafi muhimmanci kuwa da sa'a na gano shi. Da na buɗe Google Photos a wayar uwargida, sai na ga ba a taɓa ɗora hoto ko ɗaya ba, har da na bikinmu. Saitin yana jiran Wi-Fi ne, mu kuma a gida data kawai muke amfani da ita. Ni da nake rubuta manhaja, shekara 2 ban lura ba. A masauki na haɗa ta da Wi-Fi, aka kwana ana ɗorawa. Kowane asusun Google yana da 15GB kyauta, kuma ya ishe mu.

Kuskuren IP68

Wayarta tana da lambar IP68, ni kuma na cika baki cewa ruwa ba ya yi mata komai. Tana tsaye tana ɗaukar bidiyo, igiyar ruwa ta taho ta buge ta, wayar ta faɗa cikin ruwa da rairayi. Ko daƙiƙa 10 ba ta yi ba muka tsamo ta, kuma ta ci gaba da aiki. Da dare muka sa caji. Nan ne muka kashe ta da hannunmu.

Ga ma'anar lambar: 6 na nufin ƙura ba ta shiga, 8 na nufin tana jure nitso, a wayoyi da yawa zurfin mita 1.5 na minti 30. Amma da ruwan daɗi ake gwajin, ba na teku ba. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki sosai, yana kuma cin ƙarfe. Idan ya bushe, gishirin yana zama a bakin caji, da zarar wuta ta bi ta wurin sai tsatsa ta kama nan take. Ƙari a kan haka, gam da robar da ke toshe ƙofofin waya suna saki idan ta tsufa ko an taɓa buɗe ta, ita kuwa an taɓa canza mata gilashi.

Abin da ya kamata mu yi

Kashe wayar nan take. Idan mai jure ruwa ce kuma ba ta tsage ba, a ɗauraye ta a hankali da ruwan daɗi, a goge, a ajiye inda iska ke kaɗawa, kada a sa caji sai ta bushe sarai. Kada a binne ta cikin shinkafa. Kamfanin Apple da kansa ya hana, saboda ɓarɓashinta na iya shiga ciki. Kada kuma a shanya ta a rana: an ƙera yawancin wayoyi su yi aiki ne a zafin da bai wuce digiri 35 ba. Mafi sauƙi duka, jakar roba mai rufi da ake ratayawa a wuya, wadda kuɗinta bai kai na gyara ba.

A hanyar dawowa muka biya Farm Centre a Kano. Mai gyara ya buɗe ta, ya nuna mana koren tsatsa, ya girgiza kai. Hotunan bakin teku na ranar sun tafi, sai guda 4 da na ɗauka da tawa. Na biki kuwa suna nan daram.

Kafin ka rufe wannan shafi, buɗe manhajar hotunanka ka duba ko tana ɗorawa da gaske. Ka duba ta mutanen gidanku ma.