Taɓin Hankali a Dangi: Gado Ne Ko Kuwa?

A Daura, da Sandamu, da Mai'aduwa, idan iyaye suka shiga binciken aure, magana ɗaya kan rusa komai: "ai gidansu akwai taɓin hankali." To, da gaske gado ne?

Mu ɗauki cutar da likitoci ke kira sikizofireniya, wadda mutum ke jin muryoyin da babu su, ko ya yi ta zargin ana binsa da sharri. Tana kama kusan mutum 1 cikin 100. In uwa ko uba na da ita, haɗarin 'ya'ya kan kai kamar 10 cikin 100. Ku lura fa, tara cikin goma ke nan lafiyarsu ƙalau! Ko tagwaye masu kama ɗaya, in Hassan ya kamu, Husaini rabi da rabi ne. Jini kaɗai ba ya yanke hukunci, shan wiwi tun ƙuruciya ma na ƙara haɗarin.

A 2022 masana suka gano wurare 287 a ƙwayoyin gadonmu masu alaƙa da ita, kowanne da ɗan tasiri kaɗan. Wasu ma suna tarayya da cutar baifola. Sai dai galibin waɗanda aka bincika Turawa ne da 'yan gabashin Asiya, mu 'yan Afirka kaɗan ne a ciki.

Kuma tana da magani, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau, Barnawa da Kware.