Motar da Ke Shan Ruwa da Ainihin Binciken Haidirojin

Tun da fetur ya yi tashin gwauron zabo, bidiyon injin da wai ruwa zalla yake sha ya dawo yana yawo a WhatsApp, har ana cewa kamfanonin mai ne suka danne fasahar. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ganin masu muƙami suna yaba irin wannan injin ba tare da sun tuntuɓi ko malamin kimiyya guda ba.

Ruwa toka ne. Idan iskar haidirojin ta ƙone da oksijin, ruwa ne ke saura, kamar yadda toka ke saura a murhu bayan itace ya cinye. Wa ya taɓa dafa tuwo da toka? Ana iya raba ruwa da lantarki a fitar da haidirojin, amma wutar da aka kashe kullum ta fi wadda za a samu, tamkar ka sayi buhun gero dubu goma ka sayar dubu bakwai. Ba'amurke Stanley Meyer ya yi wannan da'awa ta motar ruwa, kuma a 1996 wata kotu a Ohio ta yanke cewa damfara ce.

Binciken gaske yana wani wuri. A 1931, Marjory Stephenson da Leonard Stickland a Cambridge suka gano wani sinadari a jikin bakteriya mai sarrafa haidirojin, suka kira shi haidirojines. Aikinsa aikin dillali ne: ba ya biya maka kuɗin saniya, yana dai hanzarta ciniki. Ɗaya daga cikin dillalan da masana'antu ke dogara da su shi ne filatinam, mai tsadar gaske, wanda mafi yawansa daga Afirka ta Kudu ake haƙowa. Bakteriya kuwa da ƙarfe take aikinta, irin na garma da fartanya.

A 1998 John Peters da abokan aikinsa suka bayyana siffar wani nau'i na sinadarin. A tsakiyarsa akwai ƙwayoyin ƙarfe biyu, riƙe da kabon monoksaid da sayanaid, guba biyu da ke kashe mutum, amma a nan su ne ke daidaita ƙarfen ya fitar da dubban ƙwayoyin haidirojin cikin daƙiƙa. Shekara guda bayan haka, Marcetta Darensbourg da Thomas Rauchfuss a Amurka da Christopher Pickett a Ingila suka ƙera kwaikwayon wannan tsakiyar, kowa a ɗakin gwajinsa. Kama ta yi kama, amma na ƙira ya fi cin wuta. Sai a 2013 masana a Faransa da Jamus suka cusa na ƙirar cikin furotin ɗin asali, wato jikin sinadarin, da ba shi da tsakiyar, ya kama aiki sosai. Ashe ƙarfen yana buƙatar gidansa.

Har yau iskar oksijin tana lalata sinadarin, kuma mafi yawan haidirojin duniya daga gas da kwal ake samar da ita. Mai karatu, kafin ka tura bidiyon gaba, tambayi mai injin daga ina wutar raba ruwan take fitowa.