Yadda Hausawa Ke Koya wa Yaro Tsuguno

A ƙasar Hausa ba a jiran yaro ya iya magana kafin a fara nuna masa inda ake fitsari da kashi. Idan mai jego ta gama wankan arba'in, wuyan jariri kuma ya tsaya, wajen wata uku zuwa huɗu, sai a fara tsugunar da shi. Uwa za ta zauna a kujera 'yar tsuguno, ta miƙe ƙafafunta, ta ɗan buɗe tsakaninsu, ta ɗora jaririn a kai yana fuskantarta, ta tallafe shi ta hammata. Tana yi masa wasa, tana yi masa 'yar ƙara da baki irin ta zubar ruwa, har ya saki jiki ya yi. Daga nan ta wanke masa da ruwan ɗumi da hannun hagu, ta kwashe, ta barbaɗa toka a wurin.

Ba da ka ake yin wannan ba. Akwai lokutan da kowace mai reno ta sani: da yaro ya farka daga barci, bayan ya sha nono, kafin a goya shi, da kuma an sauke shi. Goyo kansa makaranta ne. Macen da ɗanta ke manne a bayanta yini guda ta san mutsu-mutsunsa, ta san nishinsa, ta san banƙarewar da ke nufin a sauke ni. Shi ya sa za ka ji kaka ta ce wa surukarta, "Ke 'yar nan, sauke shi, ba ki ji yana nishi ba?" A wannan mataki uwa ce ke koyon lokacin ɗanta, babu duka, babu tsawa. Idan ya ɓata zani, a wanke a shanya.

Dalilan fara abin da wuri a fili suke. A da babu famfas, tsumma ake ɗaura wa jariri, ruwan wanki kuma daga rijiya ake jawo shi. Ga kuma batun tsarki, domin mace mai salla biyar ba ta son najasa a tufafinta. Malaman Malikiyya sun yi wa mai shayarwa rangwame a kan abin da ya taɓa ta matuƙar tana ƙoƙarin kiyayewa, sun kuma so ta keɓe tufafin salla.

Idan yaro ya fara tafiya, akan bar shi da 'yar riga babu wando, ya riƙa tsugunawa a bakin rariya ko a kan fo, yana kwaikwayon yayyensa. Ba a barinsa ya shiga masai shi kaɗai saboda tsoron rami. Zuwa lokacin yaye, wajen shekara 2, yawancin yara sun iya faɗin buƙatarsu da rana. Sauran ladubba kuwa, shiga da ƙafar hagu, addu'ar shiga ban-ɗaki, kauce wa fuskantar alƙibla da yin tsarki da buta, gida da makarantar allo ke ƙarasa su.

Inda al'adar ke yin tsauri shi ne fitsarin kwance. Akan ce yaron da ke wasa da wuta da dare shi ke jiƙa shimfiɗa. Wanda ya girma bai daina ba, akan ɗora masa jiƙaƙƙiyar tabarmarsa a ka, yara su bi shi da waƙar zolaya, wani ma a ɗaura masa kwaɗo a ƙugu don a tsorata shi. Niyyar iyaye gyara ce, amma ilmin likitanci ya nuna yaron ba da gangan yake yi ba. Riƙe fitsari da rana yakan samu tsakanin shekara 2 zuwa 4, na dare kuwa yakan makara. Likitoci ba sa ɗaukar fitsarin kwance a matsayin matsala sai yaro ya kai shekara 5, kuma a wannan shekarun kusan yara 15 cikin 100 suna yi. Abin yana bin jini, don sau da yawa uwa ko uba sun yi a ƙuruciyarsu. Nauyin barci, ƙanƙantar mafitsara da yawan fitsarin da ƙoda ke samarwa da dare su ne manyan dalilai. Taurin bayan gida ma yana jawo shi, domin hanji idan ya cika yakan danne mafitsara.

Yau a birane abin ya sauya. Yaro yakan yini cikin famfas har ya doshi shekara 3, sannan rana ɗaya a matsa masa ya daina saboda za a kai shi makaranta. Wanda aka tsorata sai ya koyi matse fitsari, haka ma wanda ban-ɗakin makarantarsu ya ƙazanta. Fitsarin da ya daɗe a mafitsara yana ba ƙwayoyin cuta damar yaɗuwa, musamman ga 'ya'ya mata da hanyar fitsarinsu gajeriya ce. Don haka ake son a wanke wa yarinya daga gaba zuwa baya, a ba yaro ruwa isasshe da rana, a tuna masa zuwa fitsari kafin ya matsu, da kuma kafin ya kwanta.

Akwai alamun da ba a yi musu jinkiri: zafin fitsari, zazzaɓi, yawan ƙishirwa da rama, ko yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo yana yi. Masu sikila ma sukan fi fama da fitsarin kwance. Jini a fitsari kuwa ba alamar balaga ba ce, yawanci tsargiya ce da ake ɗauka a kududdufi da rafi, kuma tana da magani.

Iyaye mata da kakanni, ku riƙe lura da haƙurin da kuka gada, ku yar da kwaɗo da tozarci. Yaron da ya wuce shekara 5 yana jiƙa shimfiɗa, a rufa masa asiri, a kai shi asibiti.