Maganin ciwo da gwajin ƙwaya: yadda Amurka ke tantance sababbin direbobin tirela

A Amurka, babu kamfanin sufurin da doka ta yarda ya damƙa wa sabon direba makullin babbar mota sai sakamakon gwajin fitsarinsa ya fito babu ƙwaya. Tsarin ya samo asali ne daga dokar da majalisar ƙasar ta zartar a 1991, bayan wasu munanan haɗurra, ciki har da na jirgin ƙasa a jihar Maryland a 1987, inda mutum 16 suka rasa rayukansu, aka kuma gano cewa matuƙin ɗaya daga cikin jiragen ya sha tabar wiwi.

Abubuwa biyar ake nema a fitsarin: wiwi, hodar iblis, dangin amfetamin, ƙwayar PCP, da dangin mofin da kodin. Tun daga ranar 1 ga Janairun 2018 aka faɗaɗa rukuni na ƙarshen ya haɗa da magungunan kashe raɗaɗi huɗu da likitoci ke rubutawa, irin su oksikodon da haidirokodon. Daga nan ne lamarin ya shafi mutanen da ba su taɓa kusantar shaye-shaye ba: wanda aka cire wa haƙori, wanda aka yi wa tiyata, da mai fama da ciwon baya.

Na'ura ba ta san bambancin majinyaci da mashayi ba. Saboda haka sakamakon ba ya zuwa hannun kamfani kai tsaye. Sai ya biya ta wurin wani likita mai lasisi da aka horar domin bitar irin wannan sakamako. Likitan zai kira direban a asirce, ya tambaye shi ko yana da hujja. Idan ya kawo takardar magani da sunansa, aka kuma tabbatar da ita daga kantin maganin ko likitan da ya rubuta, to abin da kamfani zai samu shi ne "babu ƙwaya". Idan kuwa ƙwayar matarsa ya haɗiya saboda ciwon kai, wannan ba uzuri ba ne. Haka ma wiwi, ko da jihar da yake zaune ta halatta ta domin magani.

Direban da bai gamsu ba yana da sa'o'i 72 ya nemi a gwada kwalba ta biyu a wani ɗakin gwaje-gwaje daban, domin tun farko gida biyu ake raba fitsarin, a rufe kowanne a gaban idonsa.

Sai dai takardar likita ba ta kashe maganar. Ƙa'ida ta ce dole likitan da ya rubuta maganin ya san tarihin lafiyar direban, ya kuma shaida masa cewa maganin ba zai rage masa ƙwarewar tuƙi ba. Idan likitan bita ya ga alamar haɗari, yakan ba direban kwanakin aiki biyar ya haɗa shi da likitansa, ko a sauya magani ko a ba da tabbaci. In hakan bai samu ba, zai sanar da kamfani cewa akwai damuwa. Mutum na iya cin gwaji, amma ya rasa kujerar tuƙi. Wanda ya faɗi kuma, sunansa zai shiga rumbun bayanai na tarayya da aka buɗe a Janairun 2020, wanda kowane kamfani ke dubawa kafin ɗaukar direba. Ba zai koma hanya ba sai ya ga ƙwararren mai ba da shawara, ya sake cin gwaji, sannan a bi shi da gwajin ba-zata aƙalla sau shida cikin shekarar farko.

Me ya sa wannan ya shafi masu tsara manufofi a Abuja? Tun bayan naɗa shi shugaban hukumar NDLEA a 2021, Buba Marwa yake ta kiran a riƙa yi wa ma'aikata da direbobi gwajin ƙwaya, kuma duk wanda aka ba aikin rubuta daftari zai so ya leƙa tsarin Amurka. Akwai tarko a nan. Tramadol ba ya cikin jerin abubuwan da gwajin sufurin Amurka ke nema. Alhali shi ne kan gaba cikin magungunan da ake sha ba bisa ƙa'ida ba a Najeriya, inda binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 sun sha irin waɗannan magunguna ba tare da umarnin likita ba. NAFDAC ta amince ne da mai nauyin miligiram 50 da 100, amma wanda jami'ai ke yawan kamawa mai 225 ne. Idan aka kwafo jerin Amurka yadda yake, direban da ya haɗiyi biyu kafin ya tashi daga Tafa zai wuce gwaji salin alin.

Matsala ta biyu ta fi wannan wuya. Duk tsarin Amurka ya jingina ne a kan takarda da za a iya bin diddiginta. Direban da ƙugunsa ya riƙe a Mararrabar Jos, bayan kwana biyu a kan hanya daga Legas, ba asibiti yake nufa ba; kemis yake shiga, kuma sau da yawa ba ya ma sanin sunan abin da aka ƙulla masa. Ciwonsa na gaskiya ne, amma ba shi da shaidar da zai nuna. Gwajin da ba shi da likitan bita, ba shi da kwalba ta biyu, zai jefa irin wannan mutum da mashayin gaske a kwando ɗaya, kuma a bakin titi abu ne mai sauƙi ya rikiɗe ya zama wata sabuwar ƙofar karɓar na goro.

Kuɗi ma magana ce. Daftarin da bai fayyace wanda zai biya likitan bita da gwajin kwalba ta biyu ba, tsakanin mai mota da ƙungiyar direbobi da gwamnati, zai bar nauyin ne a wuyan yaron mota da ya samu lasisinsa jiya.