Masu Farauta a Sararin Samaniyar Termit

A duwatsun Termit da ke gabashin Nijar, inda aka kafa gandun kare namun daji na Termit da Tin Tumma a 2012, mai son kallon tsuntsaye masu farauta ba ya bukatar sammako. Manyansu ba sa tashi sai hantsi ya dubi ludayi, lokacin da ƙasa ta ɗauki zafi, iska mai ɗumi ta fara hawa sama. Ita suke hawa su yi ta shawagi ba tare da kaɗa fiffike ba.

Kuskuren sabon shiga shi ne dogaro da launi. Rana tana bayan tsuntsun, ga ƙurar hunturu, duk abin da ke sama baƙi za ka gan shi ko da madubin hangen nesa. Kuma launin kansa yana yaudara: farar ungulu, mai rawayar fuska, tana ƙarama baƙa-baƙa take, sai ta yi kusan shekara biyar kafin ta yi fari. Siffa ce abin dubawa. Shirwa bindinta a tsage yake, tana murɗa shi tana juya akala. Shaho fikafikansa masu tsini ne, yana kaɗa su da sauri, kuma a bakin rijiya ake dakonsa, inda kurciyoyi ke saukowa shan ruwa. Mikiya kuwa fikafikanta dogaye ne masu faɗi, bakinsu a warwatse kamar yatsu, kai a noƙe, bindi gajere.

Mikiya ta cancanci a tsaya a kanta. A 1973 wata ta yi karo da jirgin sama a saman Abijan, a tsayin mita 11,300, kuma har yau ba a tabbatar da tsuntsun da ya wuce nan ba. Amma wannan gwanar tashi tana ƙarewa. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta, tare da ungulun da muka saba gani a mayanka, cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ɓacewa. Gubar da ake zuba wa mushe don kashe kura da dila tana kwashe su da yawa a lokaci ɗaya, ga masu tsubbu da ke sayen kawunansu a kasuwanninmu, abin da ba mu cika son faɗa ba.

Shi ya sa ake son mai kallo ya riƙe littafi da biro, ya rubuta wuri, rana, lokaci da adadin da ya gani. Idan ya hango sheƙa a kan bishiyar ƙaya ko jikin dutse, ya tsaya daga nesa, domin uwar da aka firgita ta tashi da tsakar rana, zafi na iya kashe ƙwanta kafin ta dawo.