Turbar tafakkuri a tsakar gida

Duk wanda ya san Kwalkwalawa ya san ta a matsayin mashiga: masu zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna ratsa ta safe da yamma, suna kallon fadama ta tagar mota. Sai a shekarar 2010, da ambaliya ta yanke hanyar jami'ar, malamai da yawa suka tuna cewa ƙafa ma abin hawa ce. To, a kan tafiyar ƙafa nake son yin magana, amma wadda ba ta kai mutum ko'ina.

Turawa suna da wani zane da ake shimfiɗawa a ƙasa, turba guda ɗaya mai lanƙwasa da komowa har ta kai tsakiya, babu mararraba balle a ɓata. Mafi shahara shi ne na majami'ar Shartir a Faransa, wanda aka yi a farkon ƙarni na 13. Faɗinsa kusan mita 13 ne, amma mai bin sa yakan taka fiye da mita 260. Hikimar ke nan: doguwar tafiya a ƙaramin fili. Hausa ba ta da suna tsayayye ga wannan abu. "Zagaye" ya yi kaɗan, domin turbar tana juyawa hagu da dama. "Lungu" kuwa yana ɗauke da ma'anar ɓata. Ni dai na zaɓi "turbar tafakkuri". Haɗa tunani da tattaki ba baƙon abu ba ne ga masu ilmi, tun da Larabawa sun kira mabiya Aristotal da "Mashsha'un", wato masu yawan tafiya.

Na san tambayar da ke ran mai karatu, kuma tana bisa hanya. A garin Shehu, mutum ya shata da'ira a gidansa yana kewayawa, ai maƙwabta za su ce sabon ɗawafi ya ƙago. Ɗawafi na Ka'aba ne kaɗai, ba a kuma ƙirƙirar ibada. Saboda haka ban yarda a jingina wa turbar wata albarka ko asiri ba, kamar yadda wasu masu tallarta a Amurka ke yi. Motsa jiki ne da ke ba zuciya sarari. Wanda ya ga dama ya ja carbinsa yana tafe, kamar yadda zai ja a hanyar kasuwa. Wanda ya ga dama ya warware matsalar darasin gobe. Hasali ma, shawarata ita ce a kauce wa tsohon fasalin Girkawa mai kewaye 7, a yi mai 3, don a toshe ƙofar zargi tun daga tushe.

Aikin ba shi da wuya. Idan faɗin turba rabin mita ne, aka bar mita 1 a tsakiya, kewaye 3 zai ci fili mai faɗin mita 4 da 'yan kai, wanda tsakar gida da yawa za ta ɗauka. A kafa turke, a ɗaura igiya a shata da'irori, sannan a buɗe mahaɗa ta yadda kowace za ta miƙa mutum ga ta gaba. Ƙasar bakin fadama laka ce, da damina takan zama caɓi, don haka sai an ɗaga wurin da marmara an zuba yashi. Kada a jera duwatsu sakaka a gefe, maɓoyar kunama ce. Bulo da aka binne rabi ya fi. Ranar Sakkwato kuwa, wadda a watan Afrilu take haura digiri 40, ita ke yanke lokaci: bayan Asuba, ko gab da Magariba, kuma a kusa da inuwar dogon yaro.

Matan gida, waɗanda fita tattaki a titi ke yi wa wuya, su ne za su fi kowa cin moriyarta, in har yara sun bar musu ita.