Yoyon Fitsari: Labarin Binciken Da Likitoci Suka Yi A Kansa

A garuruwanmu ba a rasa wanda ya san wata yarinya da aka kai ɗakin miji da kiɗi da guɗa, shekara ba ta zagayo ba sai ga ta a gidan uwayenta, an ware mata ɗaki can bayan gida, da tabarmarta da ƙwaryarta. Ba laifin da ta yi. Naƙuda ce ta yi mata tsawo, ɗan ya zo babu rai, bayan 'yan kwanaki kuma ta ga fitsari yana zubo mata dare da rana ba ta da ikon riƙe shi. Wannan shi ne ciwon da muke kira yoyon fitsari. Waɗansu su ce sammu ne, waɗansu su ce iska, amma likitoci sun daɗe da gane asalinsa, kuma yadda suka yi ta bincike har suka iya gyara shi labari ne da ya kamata malamai da ma'aikata su sani, don su ne mutanen ƙauye kan tambaya in abu ya ɗaure musu kai.

Ga yadda abin yake aukuwa. Mafitsara tana kwance ne a gaban hanyar haihuwa, tsakaninsu ba kome sai wata 'yar tsoka marar kauri. Idan kan ɗa ya fi ƙarfin ƙugun uwa, ko kuwa ɗan ya zo a karkace, sai ya tokare a hanya, mahaifa tana turowa, ƙashi yana tarewa. Tsokan nan da ke tsakani sai ta matse, jini ya kasa ratsa ta. In an yi kwana biyu ko uku a haka, tsokar ta mutu ke nan. Bayan an rabu da cikin, cikin kwana uku zuwa goma, sai mataccen naman ya ɓantare ya faɗo, ya bar ƙofa, fitsari ya sami hanyar da ba tasa ba. Wani lokaci har hanyar bayan gida takan huje, wani lokaci kuma jijiyar ƙafa ta danne, yarinya ta tashi tana jan ƙafa.

Ciwon tsoho ne ƙwarai. A 1935 wani masanin jikin ɗan Adam mai suna Derry ya ba da labarin gawar Henhenit, ɗaya daga cikin matan fadar Fir'aunan Masar, wadda aka shafe da magani aka adana kimanin shekara 4,000 da suka wuce. Ya tarar ƙugunta matsattse ne, mafitsararta kuma a huje. Ashe gidan sarauta ma bai tsira ba.

Wanda sunansa ya fi fita wajen gyaran ciwon shi ne wani likitan Amurka, Marion Sims, na garin Montgomery a jihar Alabama. Akwai waɗanda suka riga shi dacewa jefi-jefi, amma shi ne ya tsara hanyar da wasu za su iya bi. Daga 1845 zuwa 1849 ya yi ta gwaji a kan waɗansu mata baƙaƙe, bayi, waɗanda iyayengijinsu suka kawo masa. Sunan uku daga cikinsu kaɗai ya rubuta: Anarcha da Lucy da Betsey. Ya yi ta ɗinki da zaren siliki, ɗinkin yana ruɓewa yana kwancewa, sai da ya sa maƙeri ya ja masa waya siririya ta azurfa, sa'an nan ɗinki ya kama. An ce Anarcha sai a karo na 30 ta warke. To, a nan akwai abin da ba ya faɗuwa da daɗi. Duk aikin nan ba a sa matan barci ba, ko da yake tun 1846 aka nuna amfanin maganin sa barci a birnin Boston. Baiwa kuwa ba ta da bakin cewa ta ƙi. Da ma ai wanda aka mallaka ba a neman yardarsa. Sabo da haka mutanen baya suka yi ta jayayya a kan Sims, har a 2018 aka ɗauke gunkinsa daga babban lambun birnin New York. Ilmin da ya bari yana da amfani, amma ni dai a ganina sunan matan nan uku ya fi cancanta a riƙa tunawa, don da jikinsu aka saye shi. Ƙa'idar da ake bi yanzu, wadda ƙungiyar likitocin duniya ta rubuta a Helsinki a 1964, ita ce ba a sa mutum cikin gwaji sai an bayyana masa kome, ya yarda da bakinsa, kuma yana da ikon janyewa ran da ya ga dama.

Da asibitocin haihuwa suka yawaita a Turai da Amurka, aka iya fiɗa a ciro ɗa in ya tokare, sai ciwon ya kusa ɓacewa a can, likitocinsu ma suka manta hannunsa. Ilmin sai ya dawo Afirka inda masu ciwon suke. A 1959 Likita Reginald Hamlin da matarsa Likita Catherine suka sauka Addis Ababa ta ƙasar Habasha da niyyar su yi shekara uku su kafa makarantar ungozomomi. Ganin matan da ke zuwa a jiƙe ya sa suka zauna har ƙarshen ransu, a 1974 kuma suka buɗe asibiti na masu yoyon fitsari kaɗai. Wata baƙauyiya da suka yi wa magani, Mamitu Gashe, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta zauna tana taya su aiki har ta zama gwanar ɗinkin da likitoci ke zuwa koyo wurinta.

Mu a nan Arewa, Zariya ce ta fara ƙidaya abin da kyau. Likita Tahzib ya bi takardun mata 1,443 da aka gani da ciwon a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello daga 1969 zuwa 1980. Ya tarar 83 cikin 100 doguwar naƙuda ce ta jawo musu, 13 cikin 100 kuwa yankan gishiri ne, watau tsagar nan da ungozoma ko wanzami kan yi wa mace da aska a gabanta wai don a buɗe hanya. Askar takan zarce ta huda mafitsara. Mai yankan yana ganin taimako ya yi, nan kuwa gyaran gangar auzinawa ne.

Babban aikin dai shi ne na Farfesa Kelsey Harrison, mutumin Abonnema ta jihar Ribas, wanda ya koyar a Zariya. Shi da abokan aikinsa suka rubuta labarin haihuwa 22,774 a jere, daga 1976 zuwa 1979, ba su tsallake ko ɗaya ba: shekarun uwa, da tsawonta, da ko ta zo awon ciki, da ko ta yi makaranta, da yadda aka ƙare. Aka buga sakamakon a 1985. Duk akawun da ya taɓa riƙe littafin haraji ya san wahalar cika shafi ɗaya ba kuskure, balle shafi dubu ashirin da biyu cikin ɗakin haihuwa da tsakar dare. Abin da lissafin ya nuna shi ne, mutuwa da rauni sun taru ne a kan matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su, da 'yan mata ƙanana gajeru masu cikin fari, da kuma matan da suka yi haihuwa da yawa. Matan da suka yi makaranta kuwa, ko da ba mai zurfi ba, haɗarinsu ya ragu nesa ba kusa ba. Harrison ya tsaya a kan cewa karatun 'ya'ya mata yana cikin manyan magungunan mutuwar haihuwa, aikinsa kuma yana cikin abin da ya zaburar da taron kiyaye lafiyar masu haihuwa da aka yi a Nairobi a 1987.

Akwai wani abin mamaki da suka gano a gefe. 'Yan mata masu cikin fari waɗanda ba su gama girma ba, da aka ba su maganin zazzaɓin cizon sauro da maganin ƙarin jini, da yawansu sun ƙara tsawo suna ɗauke da cikin. Watau ƙashin yarinyar bai gama aikinsa ba aka ɗora masa kaya.

Sanin dalili daban, gyara daban. A nan ne Babbar Ruga ta Katsina ta shigo. Asibitin kutare ne tun asali, wani likita mutumin Holan, Kees Waaldijk, ya zo a 1983 don aikin kuturta. Ya tarar da mata masu yoyo ba mai duba su, ya soma yi musu ɗinki a 1984, daga nan aikin ya bunƙasa har ya kai Kano da waɗansu garuruwan Arewa da Jamhuriyar Nijar, ya kuma horar da likitoci da ma'aikatan jinya masu yawa. Al'adar likitoci a da ita ce, in mace ta zo da sabon yoyo, a ce ta koma gida sai bayan wata uku, lokacin da raunin ya lafa. Waaldijk ya lura cewa cikin wata ukun nan ne miji kan yi saki, dangi su guje ta, ita kuma ta fid da rai. Sai ya gwada wata dabara: da zarar ta zo a sa mata robar fitsari, ta riƙa shan ruwa da yawa, mafitsara ta zauna babu kome a ciki, bakin ƙofar ya haɗu da kansa. Wadda tata ba ta rufe ba, da raunin ya yi tsabta sai a ɗinke, ba jira. A 2004 ya buga labarin mata 1,716 da aka yi wa haka. Kimanin 15 cikin 100 roba kaɗai ta warkar da su, wuƙa ba ta taɓa su ba, kuma fiye da 90 cikin 100 na dukansu ƙofar ta rufe.

Sai dai masana sukan ce, abin da gwani ɗaya ya samu a asibitinsa ba lalle ne kowa ya samu ba, wataƙila hannunsa ne ya yi, ba dabarar ba. Don haka akwai wata hanyar bincike da ta fi ƙarfi, ita ce a raba marasa lafiya kashi biyu da ƙuri'a, a yi wa waɗannan abu kaza, waɗancan abu kaza, sa'an nan a gwada. Amfanin ƙuri'a shi ne likita ba shi da ikon zaɓar masu sauƙin ciwo ya zuba a ɓangaren da yake so ya ci.

An yi irin wannan a kan wata tambaya da mai karatu zai ce ƙarama ce: bayan an yi ɗinki, kwana nawa ya kamata roba ta zauna? A wancan lokacin yawancin likitoci kwana 14 suke bari, waɗansu har fiye, kuma da za a tambaye su dalili sai su ce haka suka tarar malamansu suna yi. Roba kuwa ba abin wasa ba ce. Tana da zafi, tana jawo ciwon mafitsara, tana kuma tsare mace a gado, ga wasu a waje suna jiran gadon. A 2012 da 2013 aka yi gwajin a asibiti takwas na ƙasashe takwas, su ne Nijeriya, Nijar, Gini, Saliyo, Kwango, Habasha, Kenya da Uganda, da hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Mata 524 suka shiga, ko wacce da yardarta, dukansu masu ƙofa marar wuya wadda ɗinkinta ya kama. Ran kwana bakwai da aiki akan zuba ruwan shuɗi cikin mafitsara a duba ko zai ɓullo. Wadda bai ɓullo mata ba sai ƙuri'a ta raba: ko a cire robar ran nan, ko ta ƙara mako guda. Aka bi su har wata uku.

Da sakamako ya fito a mujallar likitoci ta Ingila mai suna Lancet a 2015, sai ga shi cikin mata 250 na kwana bakwai, 10 ne ɗinkinsu ya kwance, cikin 251 na kwana goma sha huɗu kuwa 8. Watau 4 cikin 100 da 3 cikin 100, bambancin da bai wuce abin da sa'a kaɗai kan kawo ba. Ashe mako gudan nan na biyu da aka shekara da shekaru ana ɗora wa mata bai ƙara musu kome ba. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa kwana 7 zuwa 10 sun isa bayan ɗinkin ƙofa marar wuya. Asibitin da gadajensa ba su da yawa ya san darajar wannan, don gadon da aka sallama da wuri shi ne wata da ta zo daga nesa za ta hau.

Kada mai karatu ya ɗauka an gama. Gwajin nan bai shafi masu babbar ƙofa ba, ko waɗanda wuyan mafitsararsu ya lalace. Akwai kuma matan da ƙofarsu takan rufe sarai amma fitsari ya ci gaba da kuɓuce musu, don tsokar da ke riƙe shi ta mutu tun ran naƙuda, kuma wannan yana cikin abin da ya fi ba likitocin wuya. An kuma lura ɗinkin farko shi ya fi kamawa, ko wane na bayansa sai ya tarar da tabo, shi ya sa ba a son wanda bai ƙware ba ya taɓa. Har ila yau akwai yoyon da fiɗar ciro ɗa ita kanta kan jawo in hannun mai yin ta bai faɗa ba, kuma likitoci sun ba da labarin irinsa yana ƙaruwa a ƙasashen Afirka da dama.

Gwamnatin Tarayya ta mai da Babbar Ruga cibiyar ƙasa ta wannan aiki, tare da na Abakaliki da na Ningi, a Nijar kuma an buɗe irinta a Danja kusa da Maraɗi a 2012. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 23 ga Mayu, tun daga 2013, don tunawa da masu ciwon. Matar da aka sallama akan gargaɗe ta da mijinta su dakata da kwanciya har waɗansu watanni, in ta sami ciki ta soma awo da wuri, haihuwa kuma ta zo asibiti tun kafin naƙuda ta kama, galibi a ciro ɗan ta hanyar fiɗa, don ɗinkin da ya kama yana iya yagewa in wani kan ya sāke tokare shi.